Abin da Ba Ya Rabuwa a Gado

A Sakkwato mun iya rabon gado. Babu unguwar da za ka rasa malamin da zai zauna da alƙalami ya fitar da bashi da wasiyya, ya cire tumunin takaba, ya ba uwa sudusinta, ya ba namiji rabon mata biyu, har a kai kan kwabon ƙarshe. Gida, gona, shanu, shago a kasuwa, duk suna da ƙima kuma suna da lissafi. Amma akwai kayan da lissafin ba ya kaiwa gare su, kuma kusan kowane tsohon gida daga Gidadawa zuwa Rijiyar Ɗorowa yana da su: adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko gafakar da ke rataye a ƙuryar ɗaki. A ciki akwai hotuna fari da baƙi, wasiƙun ajami, rasit ɗin haraji da na jangali, fasfon aikin hajji, kwabo da anini masu huda a tsakiya, da katunan gaisuwa masu hoto waɗanda aka aiko ta gidan waya daga Makka ko Kumasi ko Landan, da kan sarki manne a kusurwa.

Idan an gama rabo, waɗannan kaya hanya uku suke bi. Ko a yayyaga su tsakanin magada, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ko a ce tarkace ne a zuba a bola ko a cinna musu wuta. Ko kuma a bar su a inda suke, wanda a ƙasarmu ma'anarsa an ba gara kyauta. Ra'ayina shi ne duk ukun ɓarna ce, kuma ɓarnar ba ta gidan kaɗai ba ce, ta gari ce. Abin da ya kamata shi ne a bar su a dunƙule a hannun mutum ɗaya a matsayin amanar dangi, kuma tun kafin a yi maganar ajiya a fara rubuta abin da aka sani game da su.

Bari in fara da katunan, domin su aka fi rainawa. Katin gidan waya, wanda ake rubutu a bayansa a aika ba tare da ambulan ba, ya fara ne a ƙasar Ostiriya a 1869, kuma daga wajen 1900 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ya zama abin yayi a Turai. Wannan lokaci shi ne daidai lokacin da Turawa suke cin ƙasashenmu. A ranar 15 ga Maris 1903 suka ci Sakkwato bayan gwabzawar Giginya. Saboda haka mafi tsufan hotunan Afirka ta Yamma da yawansu a jikin kati suka rayu. Wani Bafaranshe mai suna Fortier, wanda ya zauna a Dakar, shi kaɗai ya buga dubbai. Irin waɗannan katuna har yau ana cinikinsu a intanet, a eBay da Delcampe, kuma duk wanda ya duba su zai lura da abu guda: mutanen da ke ciki ba su da suna. A ƙasan hoton za a rubuta "Bahaushe ɗan kasuwa", ko "matar Fulani", ko "mai busa na sarki". Mutum ne mai uwa da uba da gari, wataƙila ma da jikoki a raye yanzu, amma an mayar da shi samfurin wata ƙabila.

Muna jin haushin wannan, kuma da gaskiyarmu. To amma me muke yi wa hotunan gidajenmu? Hoton da babu suna a bayansa, da zarar tsohuwar da ta san fuskokin ta rasu, ya zama daidai da katin Bature. Dattijo da rawani. Mace da goyo. Shi ke nan. Abin da mai mulkin mallaka ya yi mana don raini, mu muna yi wa kanmu don sakaci.

Shi ya sa nake cewa aikin farko ba na akwati ba ne, na tabarma ne. A ɗauki hotunan a kai wa tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne ke riƙe da zaren zumunci: wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka ba riƙo. A gidanmu akwai wani hoto da muka daɗe muna ɗauka baƙo ne ya tsaya kusa da kakanmu, wani siriri mai hula haɓar-kada. Na nuna wa ƙanwar mahaifina na ce, "Gwaggo, wanga fa, wane na?" Ta kai shi kusa da ido, ta ce, "Kai ɗan nan, wanga ai ba baƙo ba na. Ƙanen kakanka na, wanda yat tahi Gwanja fataucin goro bai komo ba." Daga nan ta buɗe bakin labari: yadda ya zauna a zangon Kumasi, yadda wasiƙunsa suka ɗauke, da yadda aka zuba ido a 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, ana tsammanin za a gan shi cikin waɗanda suka dawo. Katin Kumasi da ke cikin adakar, wanda ba mu san dalilin ajiye shi ba, ashe daga hannunsa ya fito. Ba don ita ba, da kati ne kawai mai hoton wani titi.

Irin wannan tafiya ba ta gida ɗaya ba ce. Sakkwatawa mutane ne da suka watsu. Akwai waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903. Bayan an kashe shi a Burmi, saura suka zarce da ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Akwai alhazan ƙasa, waɗanda suka bi ta Barno da Chadi da Sudan suna tafiya suna noma suna ƙwadago, wani ya shekara biyar, wani goma, wani ya yi aure a hanya ya zauna. Akwai 'yan Boma, sojojin da Ingila ta kwasa zuwa yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, suka dawo da lambobin girma da takardar sallama. Littattafan makaranta suna ba da labarin sarakuna da gwamnoni. Labarin waɗannan talakawa ba ya ko'ina sai a adaka.

Ko katin hajji da muke gani kamar kowa yana da shi, shaida ce. Katin da alhaji ya aiko daga Makka a shekarun 1960 yana nuna Harami da duwatsu da gidajen da ke kewaye da shi yadda ba za a sake ganinsu ba. Tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, wadda ke kan dutse tana kallon Harami, an rushe ta a 2002, aka gina dogayen benayen nan masu agogo a wurin. Haka nan gida: hoton biki ko na hawan salla da aka ɗauka a bakin Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke, mai shi yana kallon fuskar amarya ko dokin ubansa, amma mai binciken tarihin gari abin da ke bayansu yake kallo, soraye da zauruka da itatuwan da titi ya cinye. Hatimin gidan waya ma yana faɗin rana da gari, kan sarki kuma yana faɗin zamani: kafin a haɗe ƙasa a 1914, Arewa tana da nata kan sarki dabam.

To, akwai hujjoji da ake kawowa na ƙin ajiye waɗannan kaya a dunƙule, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko ta shari'a ce: duk abin da mamaci ya bari haƙƙin magada ne, ba wanda ya isa ya ce ya killace wani abu. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a ci haƙƙin kowa, balle na maraya. Amma fiƙihun Malikiyya da muke bi ya san akwai abin da rabawa ke lalatawa, shi ya sa ake yi masa ƙima, wani ya biya saura ko a sayar a raba kuɗin. Ba a tsaga takobi gida uku, ba a yanka doki don a ba kowa cinya. Takardu ma haka suke, sai dai mu ba mu lura ba. Littattafanmu na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi, abin da ke haɗa su shi ne kalmar da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. In aka ce kowane ɗa ya ɗebi tubarraki, an kashe littafin ke nan, wannan yana da farko, wancan yana da ƙarshe, babu mai karatu a cikinsu. Wasiƙu da hotuna ma juna suke fassarawa. Mafi yawan waɗannan kaya kuwa ba su da wata ƙimar kuɗi da za a yi rigima a kai. In magada manya sun yarda, kowa ya yafe rabonsa a mayar da su waƙafin iyali, domin a mazhabarmu ana yin hubusi, wato waƙafi, da abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai. In akwai maraya kuma abin yana da daraja, a yi ƙima a saka masa kuɗinsa a rabonsa. A rubuta wannan a takarda ranar rabo, gaban malamin da shaidu, ba a bar shi a baki ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a zukatan mutane, ita ce ta hoto. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Na san gidajen da, da an yi sadakar bakwai, sai a tattara hotunan mamaci a ƙone, wasu don addini, wasu don kada mata su riƙa kallo suna kuka. Abin da zan ce kawai: akwai tazara tsakanin hoton da aka rataye a bango ana girmama shi da wanda ke naɗe a akwati don jika ya san kakansa. Mutumin da ke ƙona hoton ubansa yana da nasa a katin zaɓe da katin ɗan ƙasa da fasfo, da wasu ɗaruruwa a waya. In zuciyarka ba ta natsu da ajiyewa ba, ba dole. Miƙa wa ɗan'uwanka da tasa ta natsu. Ƙonawa hukunci ne da ka yanke a madadin waɗanda ba a haifa ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Haka takardun ajami. Da yawa ana ƙone su ne ko a binne da kyakkyawar niyya, don an ga baƙaƙen Larabci an ɗauka ayoyi ne, ana tsoron kada a taka. Alhali wata takardar cinikin gona ce, wata lissafin bashin goro, wata waƙar wa'azi da Fulatanci. Kafin a sa wuta a nemo wanda ya iya karantawa. A garin da almajiran ilimi suka cika kowane zaure wannan ba abin wahala ba ne, kuma wanda ya taɓa zama a kotu kan rikicin gona ya san abin da tsohuwar takarda mai hatimin alƙali ke iya yi.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗi a fili, wato sirri. Adaka ba ta da kunya. Za ka iske wasiƙar saki, ko ta roƙon bashi, ko sunan wata mata da ba a taɓa ambata ba. Wani gidan za a iske takardar 'yanci, irin wadda kotunan alƙalai suka riƙa bai wa bayi a farkon mulkin Turawa, domin sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewa. A gari irin namu, inda har yau ake binciken asali kafin a ba da aure, na fahimci wanda hannunsa ke rawa in ya ga irin wannan. Amma tsakanin ƙonawa da bazawa a Facebook akwai hanya ta uku: a sa a ambulan, a rufe, a rubuta cewa ba a buɗewa sai bayan shekara kaza. Gidajen ajiyar takardu na duniya haka suke yi da fayilolin da ke taɓa mutuncin rayayyu. Kunyar yau ba lallai ta zama kunyar jikoki ba. Kuma wannan gargaɗi ya shafi matasan da ke ɗaukar hoton kakarsu tana budurwa su watsa ba tare da sun tambayi kowa ba. Wannan ma cin amana ne, ko da an sami masu danna yabo dubu.

Batun sayarwa kuwa ba zan tsaya wa'azi a kai ba. Wanda ke da mara lafiya a asibiti ya sayar da takobin kakansa, ban isa in zarge shi ba. Abu biyu dai: a fara tallata wa dangi kafin dillali, kuma a sani cewa dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta 1979, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Katuna da tsofaffin kuɗi kuwa, kada wani ya ruɗe ka da labarin miliyoyi. Mafi yawansu an buga su da yawa, abin da za a ba ka bai kai abin da za ka rasa ba. Tasoshi da kumbunan jeren iyayenmu ma da ake zuba wa 'yan gwangwan a kan sikeli, kilo nawa ne duka?

Wani zai ce, to me ya sa ba za a kwashe a kai wa gwamnati ba? Muna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan cikin gari, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, akwai kuma gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a can Kaduna, inda fayilolin tsohon lardin Sakkwato suke. Abin da ya shafi jama'a, kamar wasiƙar sarki ko littafin malami ko rajistar kotu, lallai ya dace masu bincike su iya kaiwa gare shi. Amma tarihin Sakkwato kansa ya nuna cewa gida ne ke ajiya. Rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun kawo zamaninmu ne domin zuriyarta da mijinta Waziri Giɗaɗo sun riƙe su ɗa bayan uba. Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, a ɗakin karatun gidansa masu bincike irin su Murray Last da Jean Boyd suka zauna suka yi aikin da duniya ke karantawa yau. Ba ma'aikata ce ta tsare waɗannan takardu shekara ɗari ba, iyali ne da suka ɗauki abin a matsayin nauyi. A Tambutu ma, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, iyalai ne suka sulale da dubun-dubatar littattafai cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, yayin da wasu dubbai da suka rage a cibiyar Ahmad Baba aka cinna musu wuta a farkon 2013.

Don haka abin da nake so daga hukuma ba rumbu ba ne, ƙafa ce. Ma'aikatan tarihi su fita da kyamara su bi gidaje, su ɗauki hoton takardu a gaban mai su, su bar masa asalin kayansa da kwafi. Ba sabon abu ba ne: shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda ya fara a 2004, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya, asali ya zauna a ƙasarsa, kwafi ya shiga hannun masu karatu. Mutanenmu ba rowa ke sa su ɓoye kundi ba, tsoron aron da ba ya dawowa ne. Wanda kuma ya ga dama ya kai nasa ajiya, ya karɓi takardar shaida mai jerin abin da ya miƙa, a rubuta ko kyauta ce ko aro.

Ita ajiyar a gida ba ta buƙatar kuɗi, sai kiyaye 'yan abubuwa. Bushewar ƙasarmu gata ce ga takarda. Abokan gabarta gara ne da damshi da kuma gyaran mai ƙauna. Kada a kai tsohuwar takarda shagon kwamfuta a manne ta cikin leda da zafi, abin nan da ake yi wa takardun makaranta: zafi da gam suna shiga jikinta, kuma ba a iya ɓarewa sai da fatarta. Salatif yana rawaya ya bar tabo. Robar ɗauri a zafin Afrilu na Sakkwato narkewa take yi ta like. Allurar maƙala takardu tana tsatsa. In za a rubuta suna a bayan hoto, da fensir za a rubuta, a hankali, ba da biro ba. Tawadarmu ta gargajiya kuwa, wadda ake wankewa daga allo a sha, haka take wankuwa daga takarda in ruwa ya taɓa ta, don haka adaka ta bar ƙasa ta bar jikin bango, a ɗora ta a kan wani abu mai tsayi nesa da inda ɗaki ke yoyo. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa jami'a, ba sai an yi musu bayani ba. A buɗe a duba sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya bayanta.

A ɗauki hoton komai da waya, gaba da baya, domin sau da yawa bayan katin ya fi gabansa magana. Amma kada a ɗauka an gama. WhatsApp yana rage ingancin hoto in an tura shi yadda aka saba, waya kuma tana faɗawa ruwa ko hannun ɓarawo. A ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya, a tura wa 'yan'uwa na Kano da Abuja da Yamai, kowane hoto da bayaninsa. In Gwaggo tana ba da labari, a kunna naɗar murya, da izininta.

Kuma ba komai ake ajiyewa ba. Rasit ɗin wuta na shekara ashirin, kalandar banki, katin gayyatar bikin wanda ba a sani ba, waɗannan su tafi. Rigar saƙi da alkyabba, in akwai mai sawa ya sa, ya fi a bar wa asu. Wanda ya ce sai ya adana komai, ƙarshensa 'ya'yansa ne za su zubar da komai a rana ɗaya.

Saura tambayar da ta fi kawo gardama: hannun wa? Al'ada za ta ce babban ɗa namiji, tare da rawani da sandar mahaifi. Ni ban yarda lallai sai shi ba. Babban ɗa yana iya zama mutumin kirki wanda takarda ba ta gabansa, ko ma'aikacin da ake yi wa canjin gari duk bayan shekara biyu. A duba wanda ke yawan tambaya, wanda in tsofaffi suna hira ba ya tashi. Sau da yawa mace ce, kuma fargabar da ake yi cewa za ta kai kayan gidan wani ba hujja ba ce in an rubuta cewa na dangi ne ba nata ba. A sa sunanta a takardar, a sa sunan wanda zai karɓa in ta gaza, a kuma rubuta cewa duk ɗan gidan da ya zo yana da ikon a buɗe masa ya gani ya ɗauki hoto, amma asali ba ya kwana a waje.